Sahur a gindin duwatsun Stonehenge

Daren 20 ga Yuni 2016 ya zo daidai da tsakiyar watan Ramadan, wata ya cika fal. Ina karatu a Ingila a lokacin, azumin shekarar kuma ya ba mu kashi, don muna kai wa awa goma sha takwas ba ci ba sha. Wani abokin karatuna Bature ya matsa mini lamba in raka shi Stonehenge, wata da'irar manyan duwatsu da mutanen da suka kafa, wurin da dubban mutane suke kwana a fili suna jiran fitowar rana a yinin da ya fi kowane yini tsawo a shekara. Na yi ta noƙewa, daga baya son ganin ƙwaƙwaf ya rinjaye ni. Na zuba dabino da burodi da gorar ruwa a jaka muka hau motar haya daga Salisbury.

Mutane kusan 12,000 suka je a shekarar, an ce sun ragu sosai saboda an hana shiga da giya, an kuma sa wa masu mota kuɗin ajiya fam 15. Yawancin waɗanda na gani 'yan kallo ne irina, sai matasa masu kiɗa da rawa. 'Yan Druid ɗin da ake ta magana, wato masu ƙoƙarin raya wata tsohuwar ibadar gargajiya ta girmama halitta, ba su da yawa. Za ka gane su da farar alkyabba da doguwar sanda, wasu sun naɗa ganye a ka. Kafin ƙarfe uku na dare na ja gefe na yi sahur cikin wani irin sanyi da ban zaci ana yin sa a watan Yuni ba, sannan na yi nisa cikin ciyawa na yi sallar asuba. Su duk sun fuskanci arewa maso gabas inda rana za ta ɓullo, ni alƙiblata tana kudu maso gabas.

Da na dawo sai wata dattijuwa mai farar alkyabba ta tambaye ni dalilin cin abinci a wannan tsohon dare. Na yi mata bayanin azumi. Ta ce ashe mu wata muke bi. Daga nan hira ta ɓarke. Ta ciro wani ɗan littafi da ya sha jiki daga aljihu, ta nuna mini inda take rubuta ranar da ta fara ganin tsattsewa a unguwarsu kowace shekara, da ranar da bishiyar bayan gidanta ta fara toho. Ta ce tsattsewar daga wajenku take zuwa, sai ta ƙetare Sahara kafin ta iso mana. Sannan ta ce, "Ku wane tsuntsu ne yake gaya muku damina ta kusa?"

Na ce shamuwa, ban ko tsaya tunani ba, kowane yaro a garinmu ya san wannan. Sai ta ce, "Bana yaushe ta iso?" Nan na yi turus. Na lalubi kaina ban iya tuna shekarar da na yi wa shamuwa ganin ƙarshe ba, kuma ba don ina Ingila ba ne, tun ina gida na daina ɗaga kai.

Wannan tambaya ce ta hana ni yi wa mutanen nan dariya har yau, duk da cewa abin dariya a wurinsu bai yi kaɗan ba. Bari in fara da shi don kada a ce na ɓoye.

Druid na asali malamai ne kuma alƙalai kuma masu kula da ibada a cikin ƙabilun Kelt na Faransa da Birtaniya da Ailan, shekara dubu biyu da wani abu da suka wuce. Ba su bar rubutu ko layi ɗaya ba game da abin da suka yi imani da shi. Yawancin abin da aka sani daga bakin Girkawa da Rumawa ya fito, Rumawan kuwa abokan gabarsu ne. Julius Caesar, wanda ya ci Faransa da yaƙi, ya ce almajirinsu yakan yi har shekara ashirin yana hadda, ya kuma ce suna yanka mutane don ibada. Pliny ya ba da labarin yadda suke hawa bishiyar oak da farar riga su yanko kauci da laujen zinariya. (Wanda ya san yadda masu maganin gargajiya a ƙasar Hausa suke ji da kaucin tsamiya ko na kuka zai yi murmushi a nan.) A wajajen shekara ta 60 bayan haihuwar Annabi Isa, sojojin Rum suka afka wa tsibirin Anglesey, babbar cibiyarsu a Wales, suka sare kurmin da suke ibada a ciki. Daga baya Kiristanci ya zo ya shafe sauran.

Su kuwa duwatsun Stonehenge sun riga Druid zuwa duniya da kimanin shekara dubu biyu. An fara aikin wurin tun wajen shekara 3000 kafin haihuwar Annabi Isa, manyan duwatsun kuma aka kafa su wajen 2500. Wasu masu binciken tarihi na ƙarni na 17 da na 18 ne, John Aubrey da William Stukeley, suka haɗa wurin da Druid bisa zato, zaton kuma ya manne har yau. A 1781 aka kafa wata ƙungiya a wata mashaya a Landan da sunan tsohuwar ɗariƙar Druid, wadda a gaskiya ƙungiyar taimakon juna ce ta maza, har Winston Churchill ya shige ta a 1908. A 1792 wani magini ɗan Wales da ake kira Iolo Morganwg ya tara mutane a tudun Primrose da ke Landan, ya jera tsakuwa ya yi da'ira, ya ce ga ibadar kakanninmu yadda take. Daga baya masana suka gano cewa da yawa daga tsofaffin takardun da ya kafa hujja da su shi ya rubuta su da hannunsa. A Amurka ma abin ya fi ban dariya: a 1963 wasu ɗaliban kwalejin Carleton a jihar Minnesota suka ƙirƙiri tasu ƙungiyar Druid don kawai su kauce wa dokar makaranta da ta tilasta halartar ibada. Aka soke dokar, ƙungiyar ta ƙi mutuwa.

Hatta bukukuwa takwas ɗin da suke kira zagayen shekara ba su tsufa ba. Ross Nichols, wanda ya kafa ɗariƙar da ake taƙaita sunanta da OBOD a 1964, shi da abokinsa Gerald Gardner suna cikin waɗanda suka harhaɗa su a tsakiyar ƙarnin da ya wuce. Sun ɗauko bukukuwa huɗu na tsoffin mutanen Ailan, wato Samhain a farkon Nuwamba, Imbolc a farkon Fabrairu, Beltane a farkon Mayu da Lughnasadh a farkon Agusta, suka gwama su da ranaku huɗu na tafiyar rana: yini mafi tsawo, dare mafi tsawo, da ranaku biyun da dare da yini suke daidaita. Babu wata tsohuwar al'umma da aka tabbatar ta yi takwas ɗin duka a jere. Abin da zan yaba wa masu ilimin cikinsu shi ne ba sa musa wannan. Ita kanta dattijuwar nan da na tsokane ta da maganar takardun jabu, cewa ta yi ai kowa ya sani, ita rana ta zo gani, rana kuwa ba Iolo ya ƙirƙire ta ba.

A matsayina na Musulmi ba ni da wata tantama a kan aƙida. Alƙur'ani ya ce a Suratu Fussilat kada a yi sujada ga rana ko wata, a yi ga Wanda ya halicce su. Su ma kansu ba su da aƙida ɗaya: wani ya yarda da alloli barkatai, wani ya ce komai na da kurwa, wani Kirista ne, wani bai yarda da kowane Ubangiji ba, waƙa da daji kawai yake so. Wannan tsakaninsu da Mahaliccinsu. Abin da ya shafi jama'a shi ne wane matsayi ƙasa za ta ba su, kuma ko akwai abin da suka gani wanda saura muka rufe ido a kai.

A kan na farko Birtaniya ta sha fama. Tun daga 1974 matasa suke yin wani bikin kyauta a kusa da duwatsun, har ya zama taron dubbai. A ranar 1 ga Yuni 1985 'yan sanda suka tare ayarin masu zuwa a wata gonar wake, aka yi mummunan artabu, aka kama mutum fiye da 500. Daga nan aka hana kowa kusantar wurin a lokacin bikin, har da 'yan Druid da ba su ji ba ba su gani ba. Wani tsohon soja mai suna John Rothwell, wanda ya sauya sunansa zuwa Arthur Pendragon yana cewa shi ne tsohon sarkin tatsuniyar Ingila ya dawo, ya yi shekaru yana zaman dirshan a bakin shingen, ana kama shi ana saki, yana kai ƙara kotu. Sai a shekara ta 2000 aka sake buɗe wa jama'a. A 2010 hukumar da ke rajistar ƙungiyoyin agaji ta Ingila da Wales ta amince da wata ƙungiyarsu, Druid Network, a matsayin ƙungiyar addini. Wasu jaridu suka yi ta ba'a, wai yanzu kowane mai gemu da zanin gado ya zama limami.

Ni ina ganin hukuncin daidai ne, kuma ina faɗin haka ne da idon wanda ya zauna a ƙasar a matsayin ɗan tsiraru. A ƙidayar 2011 mutum 4,189 ne suka rubuta Druid a matsayin addininsu a Ingila da Wales, a ta 2021 kuma masu kiran kansu Pagan, wato mabiya addinin gargajiya, sun kai 74,000. Ba su isa su tsorata kowa ba. Dokar da ta bar dattijuwar nan ta tsaya da sandarta ita ce ta bar ni na shimfiɗa rigata a ciyawa na yi sallah ba wanda ya ce mini kanzil. Duk ranar da hukuma ta samu damar cewa ibadar wane ta yi sabunta da yawa ko ta yi kama da wasa, to ta samu damar auna ta kowa. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa, ko da ɗan'uwan na zaman tare ne kawai.

Tambaya ta biyu ta fi ci mini tuwo a ƙwarya. Birtaniya ƙasa ce da ta cinye dajinta tun da daɗewa, kashi 13 cikin ɗari kacal na ƙasar ke da kurmi. Wani babban rahoto na 2023 ya nuna cewa kusan ɗaya cikin shida na nau'in halittun da aka bincika suna fuskantar barazanar ƙarewa a ƙasar. Mutum yana iya rayuwa a Landan daga Janairu zuwa Disamba yana cin tumatir iri ɗaya daga kanti ɗaya, gidansa da ofis da jirgin ƙasa duk ɗumi ɗaya. A irin wannan wuri, wanda ya ɗora wa kansa fita waje sau takwas a shekara, kusan duk bayan mako shida, ya tsaya a gindin bishiya ɗaya ya duba me ya sauya, ya yi wani abu mai amfani ko da addu'ar da yake yi shirme ce. Shi ne zai fara lura cewa furen bana ya riga lokacinsa, ko tsuntsun da ya saba zuwa bai zo ba. Masana yanayi suna dogara da irin littafin aljihun dattijuwar nan fiye da yadda mutane suke zato, domin sauyin yanayi ba ya shigowa da ganga, sai wanda ya riƙe lissafin jiya ne yake gane yau ta bambanta.

Wasu daga cikinsu sun kai abin har kan titi. A 1996, lokacin da za a sare bishiyoyi kusan 10,000 don gina hanyar da ta kewaye garin Newbury, suna cikin waɗanda suka yi sansani a dajin, Arthur Pendragon ma an kama shi a can. Ba su hana hanyar ba, amma irin wannan turjiya ta taimaka wajen sa gwamnati ta rage shirinta na sabbin tituna. Sun kuma sa baki a rigimar ramin da aka so haƙa wa babbar hanyar A303 a gefen Stonehenge, aikin da kuɗinsa ya doshi fam biliyan 2, wanda sabuwar gwamnati ta soke a Yulin 2024 don ƙarancin kuɗi. A nan kansu ya rabu, wasu na so wasu na ƙi.

Ba zan ce duk tsarkaka ne ba. Na ga tulin shara da aka bari a filin da safe, na ga layin motoci na masu ƙaunar ƙasa yana ta tuttuɗa hayaƙi. Akwai wanda son dajinsa bai wuce hoto a Instagram da sayen turare da kwas na intanet ba. Akwai kuma wani abu na 'yan birni masu ƙoshi a cikin lamarin: bikin girbi ne na mutanen da ba su taɓa kwana da fargabar ko hatsin bana zai kai su baɗi ba. Manomin da ruwa ya ɗauke masa yana tsakiyar bununi ba ya ganin yanayi a matsayin uwa mai tausayi. Ko masu gina Stonehenge ɗin, ƙasusuwan aladun da aka tono a Durrington Walls kusa da wurin sun nuna cewa babban taronsu na tsakiyar hunturu ne, lokacin da dare ya fi tsawo kuma ake tsoron yunwa.

Zagayen shekarar nasu kuma na ƙasarsu ne. A Landan yini yana kai awa goma sha shida da rabi a Yuni, ya faɗo ƙasa da awa takwas a Disamba, dole mutum ya damu da tafiyar rana. A Kano bambancin bai kai awa ɗaya da rabi ba. 'Yan Druid na Ostireliya sai da suka juya kalandar baibai don ta dace da su. Mu ruwa da iska ne suke raba mana shekara: bazara da zafinta, damina da markarta, kaka, sai hunturu da rani. Wanda zai kwaso Samhain ya kawo Zariya ya yi aikin banza, kuma ya saɓa wa abin da su masu abin suke koyarwa, wato ka san ƙasar da kake takawa.

Mu ma muna da namu lissafin, kuma ya fi nasu tsufa a aikace. Malaman karkara suna ƙirga taurari ashirin da takwas, bakwai ga kowane yanki na shekara, kowanne kwana goma sha uku, manomi ya je ya tambaya wane tauraro ake ciki kafin ya yi shuka ko binne. Ilimin ya zo ne ta hannun malaman Musulunci, Suratu Yunus ma ta ambaci masaukan wata don mu san ƙidayar shekaru da lissafi. Tsofaffi suna duba kaza da 'ya'yanta a sama, suna duba gawo, wanda yake kaɗe ganyensa da damina ya yi kore shar da rani, suna duba inda iska ta juyo. Ni da na yi digiri biyu ban san ko ɗaya ba sai sunan.

Ina zargin cewa wani ɓangare na wannan asara daga tsoro ya zo. Da aka yaƙi tsafi, aka hana yanka a gindin tsamiya da kuka, an yi daidai. Sai dai a wurare da dama tsoron iskoki ne kaɗai yake tsare bishiyar, da tsoron ya tafi ba mu sa komai a gurbinsa ba sai gatari da buhun gawayi. Alhali muna da abin sawa. Hadisi ya zo cewa idan Alƙiyama ta tsaya alhali ɗayanku yana riƙe da dashe, in zai iya dasa shi kafin ta tsaya to ya dasa. Sau nawa ka ji an gina huɗubar Juma'a a kan wannan? Mun bar wa masu farar alkyabba da ƙungiyoyin Turawa maganar bishiya, har ta zama in ka cika yin ta sai a fara yi maka kallon wanda ya sha boko ya yi yawa.

Manoman Maraɗi da Damagaram sun nuna abin ba ya buƙatar alkyabba. Tun daga shekarun 1980 suka koma barin kututturen da ya toho a gona, su rage rassan su bar masu ƙarfi, abin da suke kira sassabin zamani. Ta haka aka farfaɗo da fili mai faɗin hekta kusan miliyan 5 da bishiyoyi kusan miliyan 200, yawancinsu ba dasa su aka yi ba. Ido suka sa a kan abin da yake ƙarƙashin ƙafarsu, irin sa idon da dattijuwar Stonehenge take yi wa bishiyar bayan gidanta, sai dai su da cikinsu a ciki.

Rana ta fito ana saura 'yan mintoci ƙarfe biyar ta cika, aka yi ta ihu da busa ƙaho, ni kuwa lissafin awannin da suka rage kafin shan ruwa nake yi. Da muka koma masauki na kira ƙanen mahaifina a ƙauye. Bayan gaisuwa da barka da shan ruwa na ce, "Baffa, shamuwa ta zo bana kuwa?" Ya yi shiru, ina jin yana mamakin abin da ya sa yaro zai ƙona kuɗin waya daga Ingila a kan tsuntsu. Ya ce ta zo tun kafin ruwan shuka, amma ba kamar da ba, don rimin bayan masallaci da suke sheƙa a kai an sare shi shekara uku da suka wuce, an yi shaguna a wurin. 'Yan kaɗan ɗin da suka zo sun koma kan ƙarfen sabis na kamfanin waya.